Wa ke cikin hoton nan? Salula ta shiga ɗakunan nunin hotuna

A shekara ta 1991 aka buɗe wani babban nuni na fasahar Afirka a birnin Nuyok na Amurka, aka raɗa masa suna Africa Explores. Cikin abubuwan da aka rataya a bango har da waɗansu hotuna baƙi da fari da suka fito daga Bamako. A ƙarƙashinsu, inda ya kamata a ga sunan mai aikin, sai aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauke su ba. Wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya ga hotunan sun kwanta masa a rai, ya tura André Magnin ƙasar Mali da kwafensu a hannu domin ya nemo mai su. Da Magnin ya isa Bamako aka kai shi wurin Malick Sidibé, mai ɗaukar hoto kuma mai gyaran kamara a unguwar Bagadaji. Kallo ɗaya Sidibé ya yi wa takardun ya ce aikin Seydou Keïta ne, kuma mutumin yana nan da ransa a Bamako-Kura, kusa da babban gidan kaso.

Abin da ya gagari masana da kundayensu a Nuyok, ashe mutumin gari ya san shi kamar yunwar cikinsa. Sai dai kafin tambayar ta isa gare shi sai da aka biya kuɗin jirgi da na masauki. A yau, da ɗan Mali guda zai ratsa ta wannan ɗaki da salula a aljihu, ya ɗauki hoton ya tura wa kawunsa ta WhatsApp, da kafin ya kai ƙofar fita amsa ta dawo.

Keïta dai ya samu sunansa, ya kuma samu ɗaukaka kafin rasuwarsa a 2001. An nuna aikinsa a Fondation Cartier ta birnin Paris a 1994, aka kuma shirya masa gagarumin nuni a Grand Palais a 2016. Amma mutanen da ke cikin hotunan fa? Tun daga 1948 da ya buɗe shagonsa har zuwa farkon shekarun 1960 da gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki, dubban mutane sun zauna gaban kamararsa: matan da suka ci ado da awarwaro da ɗan kunne, samarin da suka ari agogo ko alƙalami ko akwatin rediyo daga cikin kayan da ya tanada domin masu son nuna isa, da waɗanda suka jingina da moto Vespa alhali ba tasu ba ce. Keïta bai rubuta sunayen abokan cinikinsa ba. Mai sana'a ne, ya karɓi kuɗinsa ya ba da hoto. Shi ya sa a ƙarƙashin mafi yawan hotunansa, duk inda aka rataya su, ba a ganin komai sai kalmomin Faransanci guda biyu masu nufin "babu suna", da kintacen shekara.

A nan ne maganar salula ta shigo. Gidajen ajiye kayan tarihi da na fasaha, waɗanda aka fi sani da muze, sun daɗe suna neman dabarar da za ta sa baƙo ya tsaya gaban abu ya daɗe, ya fahimta, ya kuma dawo wata rana. Cikin shekarun nan sun jingina da wayar da ke aljihun baƙon. Galibi abin da suke so shi ne su yi masa bayani ta cikinta. Amma hoto ba kamar tukunya ko takobi ba ne. Hoto yana ɗauke da fuskar mutum, mutum kuwa yana da dangi, kuma ba abin mamaki ba ne ɗaya daga cikin dangin nan shi ne ke tsaye gaban bangon. A ɗakin nunin hotuna sau da yawa baƙo ya fi mai gida sanin abin da aka rataya.

Daga akwatin kunne zuwa lambar QR

Sa wa baƙo murya a kunne ba sabon abu ba ne. A 1952 muzen Stedelijk na birnin Amsterdam, ƙarƙashin shugabancin Willem Sandberg, ya raba wa masu ziyara ƙananan akwatunan rediyo da abin saƙalawa a kunne. Bayanin kuwa daga wuri guda ake watsa shi, don haka kowa abu guda yake ji a lokaci guda, jama'a suna juyawa tare kamar garken da makiyayi ya yi wa fito. Daga baya aka koma kaset, aka koma na'urar da ake danna wa lamba. Muzen Louvre na Paris ma ya kai ga raba wa baƙi na'urar wasan yara ta Nintendo 3DS daga 2012, ya yi shekaru fiye da goma yana amfani da ita kafin ya ajiye ta a 2025. Dukansu kaya ne na gidan: shi zai saya, shi zai yi caji, shi zai goge, shi zai bi sawun wanda ya fita da su.

Salula ta sauke wa muze wannan nauyi, domin baƙo da abarsa yake zuwa. Abin da ya rage shi ne hanyar haɗa wayar da abin da ke bango, kuma hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu, mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari, da ake kira lambar QR. Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro ta a 1994 domin bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta. Shekarar kenan da aka karya darajar sefa, wadda ƴan kasuwa ba su manta da ita ba, kuma a cikinta ne aka yi taron farko na masu ɗaukar hoto na Afirka a Bamako, wanda har yau muzen ƙasar Mali na cikin manyan masaukansa. Ba wanda ya yi zaton abubuwan nan za su taɓa haɗuwa. Aikin lambar mai sauƙi ne: adireshin wani shafi na intanet ne aka mayar zane, kamarar waya ta karanta shi ta buɗe shafin. Shekaru da dama mutane ba su damu da ita ba, saboda sai an sauke wata manhaja ta daban kafin a iya karanta ta. Daga 2017 kamarar iPhone ta fara karanta ta kai tsaye, sauran wayoyi ma haka, sannan annobar korona ta 2020 ta sa kowa ya ƙi na'urar da wani ya riga ya saƙala a kunnensa. Nan da nan lambar ta cika bangaye.

Wata dabara da aka gwada a Ingila ta cancanci a tsaya a kanta. A 2011, a muzen garin Derby, Roger Bamkin da Terence Eden suka fito da abin da suka kira QRpedia. Lamba guda ce a jikin bango, amma idan waya ta karanta ta, sai a duba harshen da mai wayar ya saita ta a kai, a buɗe masa shafin Wikipedia a wannan harshe idan akwai shi. Bafaranshe ya ga Faransanci, Bajafane ya ga Jafananci. Wikipedia tana da sashen Hausa, saboda haka a ƙa'ida Bahaushe ma zai iya ganin nasa. Sai dai sharaɗi biyu ne: a samu wanda ya rubuta shafin da Hausa, kuma a samu wayar da aka saita da Hausa, alhali daga Yamai har Damagaram da wuya a ga wayar da ba da Faransanci ko Ingilishi take ba.

Ko da an cika sharuɗɗan biyu, da sauran rina a kaba. Rubutu a waya bai fi rubutu a bango amfani ga wanda bai yi lakwal ba. Ɗan kasuwar da ke sarrafa miliyoyi tsakanin Maraɗi da Kano bai cika rubuta saƙo ba: danna maɓalli yake yi ya faɗi abin da ke bakinsa, tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013. Lambar QR da za ta buɗe muryar dattijo yana bayani na minti ɗaya da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Buzanci, ta fi wadda za ta buɗe shafi uku na Faransancin jami'a. Wannan ba ya buƙatar injiniya daga ƙetare. Abin da yake buƙata shi ne wanda ya san hoton, da wanda zai zauna ya naɗi muryarsa.

Baƙo ya fara magana

Duk abin da aka ambata zuwa yanzu hanya ce mai tafiya gefe guda: gida na magana, baƙo na saurare. Muzen Brooklyn da ke Nuyok na cikin waɗanda suka juya akalar. Tun a 2008 ya shirya nunin hotuna mai suna Click!, inda masu ɗaukar hoto suka aiko da ayyukansu, jama'a suka tantance su ta intanet, aka rataya waɗanda suka fi samun karɓuwa. A 2015 kuma, da tallafin gidauniyar Bloomberg, ya fito da manhajar ASK. Baƙo ya tsaya gaban abin da ya ɗaure masa kai, ya ɗauki hotonsa, ya rubuta tambaya ya aika. Waɗansu ma'aikata masana tarihin fasaha suna zaune a cikin gidan suna amsawa nan take, ƙananan na'urorin da aka manna a ɗakuna kuma suna nuna masu wurin da mai tambayar yake tsaye, domin su iya ce masa ya waiwaya ya dubi wani abu da ke kusa da shi.

Darasi biyu suka fito daga wannan gwaji. Na farko, tambayoyin da aka tara sun nuna wa masu shirya nuni cewa abin da suke rubutawa a bango ba kullum ne yake amsa abin da ke ran mutane ba, har aka gyara waɗansu bayanai saboda haka. Na biyu ya fi ɗaci: kaɗan ne ƙwarai daga cikin baƙi suka yarda su sauke manhajar. Mutum ya zo yawon sa'a ɗaya ko biyu, ba ya son cika wayarsa da abin da ba zai sake buɗewa ba. Daga baya gidan ya buɗe hanyar aiko da tambaya ta saƙon tes na yau da kullum. Muzen fasahar zamani na San Francisco ma ta wannan ƙofa ya samu shiga: a 2017 ya ba da wata gajeriyar lamba, kowa ya aika da kalma guda, misali sunan launi ko na dabba, a mayar masa da hoton wani aiki daga rumbun gidan, wanda ɗan kaɗan ne daga cikinsa ake iya ratayawa a lokaci guda. Saƙonni suka yi ta kwarara har miliyoyi. Dabarar da ta fi arha ita ta fi jan jama'a, abin da duk mai tebur a kasuwa zai iya gaya masu kyauta.

Sunayen da suka dawo

Amma inda aka ga amfanin jama'a a fili shi ne wajen tsofaffin hotuna. A watan Janairu na 2008 babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya zuba hotuna kimanin 3,000 a dandalin Flickr, da yawansu ba su da cikakken bayani, ya roƙi duk wanda ya san wani abu ya faɗa. Mutane suka gane titunan garuruwansu, suka gane masana'antun da iyayensu suka yi aiki, suka gyara sunayen da aka rubuta ba daidai ba. Ma'aikatan gidan ba su karɓi kowace magana ido rufe ba. Sai sun bincika sun tabbatar kafin su shigar da ita kundi.

Abin da ya faru a Kanada ya fi wannan taɓa zuciya. Rumbun adana takardun ƙasar na ɗauke da dubban hotunan mutanen Inuit, mazauna yankin ƙanƙara na arewa mai nisa, waɗanda Turawa ma'aikatan gwamnati da masu yawon ɗaukar hoto suka ɗauka. A bayan hoton za a ga sunan Baturen da ya ɗauka, da shekara, da wuri. Shi kuwa mai fuskar sai a rubuta masa sunan ƙabila kawai, "wata mace", "wani maharbi". A farkon shekarun 2000 aka fara wani shiri mai suna Project Naming, tare da wata makarantar matasan Inuit da ke Ottawa. Aka fara da waɗansu ɗaruruwan hotuna da Richard Harrington ya ɗauka a ƙarshen shekarun 1940 da farkon na 1950. Matasa suka ɗora su a kwamfutar tafi-da-gidanka, suka koma ƙauyukansu, suka zauna gaban tsofaffi suna nuna masu ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin suka gane mafi yawan mutanen. Akwai waɗanda a nan ne suka fara ganin fuskar uwa ko uba da suka rasu tuntuni, domin ba su taɓa mallakar hotonsu ba. Daga baya shirin ya koma Facebook, inda hoto ke isa wayar jika, jika ya miƙa wa kaka, suna ya dawo.

Abin lura a nan shi ne na'urar ba ta san kowa ba. Aikinta ɗaya: ɗaukar hoton daga rumbu ta kai shi gaban idon da zai gane shi. Tsohuwar da ba za ta taɓa taka ƙofar muze ba, saboda nisa ko rashin ƙarfi ko kunya, ta zama ita ce malamar gidan.

Malick Sidibé ya san wannan tun kafin a ƙera salula. A shekarun 1960, idan ya kwana yana zagaya wuraren rawa na samarin Bamako, sai ya koma shago ya wanke fim, ya buga ƙananan hotuna, ya manna su a jikin kwali, kowane da lambarsa, ya baje su. Samari da ƴan mata su yi cincirindo a ƙofar shagon suna neman kansu, suna nuna abokai, suna dariya, kowa ya faɗi lambar da yake so a buga masa. Babu wanda ya buƙaci a yi masa bayani, domin masu kallon su ne abin kallon. Lokacin da Fondation Cartier ta shirya masa nuni mai suna Mali Twist a 2017, shekara guda bayan rasuwarsa, sai da aka sa kiɗan wancan zamani yana tashi a ɗakunan domin a maido wani abu na wannan hayaniya. Kiɗa ya dawo, amma masu nuna yatsa su ce "ga wane" suna can Bamako.

Ido a bango ko ido a waya

Salula ba kunne da baki kaɗai ba ce, kamara ce kuma, kuma a nan ne gidajen muze suka daɗe suna kai-kawo. Muzen Orsay na Paris ya hana ɗaukar hoto na tsawon shekaru. A watan Maris na 2015 ministar al'adu ta Faransa ta lokacin, Fleur Pellerin, ta ziyarci wani nuni a gidan, ta ɗauki hotuna da wayarta ta sa a Instagram. Jama'a suka yi ca: doka ta talaka ce kawai? Ba a daɗe ba gidan ya janye hanin, ya bi ƙa'idar da ma'aikatar al'adu ta riga ta fitar a 2014 mai ba baƙi izinin ɗauka muddin ba su kunna fitilar kamara ba.

Masu adawa da wayar ba su rasa hujja ba. Wata malamar jami'ar Fairfield ta Amurka, Linda Henkel, ta zagaya da ɗalibai cikin muze, ta sa su ɗauki hoton waɗansu abubuwa, waɗansu kuma su kalla kawai. Washegari ta tarar sun fi tuna abin da suka kalla da ido fiye da abin da suka ɗauka, kamar dai zuciya ta miƙa wa wayar amanar tunawa ta juya baya. Amma binciken, wanda aka sanar a ƙarshen 2013, ya nuna wani abu kuma: waɗanda aka ce su jawo wani sashe na abin kusa kafin su ɗauka, ba su manta ba. Wanda aka ba aikin nema yana kallo da gaske. Tambaya irin ta "ka san wannan titi?" ko "wane irin zane ne matar nan ta ɗaura?" tana mayar da ido bango, dogon bayani a fuskar waya kuwa ƙasa yake saukar da shi.

Akwai wata asara da ba a cika faɗa ba. Hoton da baƙo ya ɗauka ya tura yana tafiya ne ba tare da ɗan kwalin da ke ƙarƙashinsa ba. Daga waya ta uku zuwa ta huɗu sunan mai aikin ya ɓace, wani lokaci har a liƙa wa hoton labarin ƙarya, a ce wani gari ne ko wata shekara. Wato wayar da za ta iya maido suna ita ce kuma ke iya mayar da mai fasaha "ba a san shi ba", kamar yadda aka yi wa Keïta a 1991. Kuma maganar ba ta suna ba ce kawai, ta kuɗi ce: hotunan da Keïta ya sayar wa mutanen Bamako da ƴan kuɗi kaɗan sun zama kaya masu tsada a kasuwannin Turai da Amurka, har aka yi ta shari'a kan fina-finansa na asali bayan rasuwarsa.

Hotunan Yamai

Nijar ma tana da nata. Philippe Koudjina, ɗan asalin Togo da aka haifa a 1940, ya zauna Yamai tun yana saurayi, ya ɗauki rayuwar birnin a shekarun 1960 da 1970: wuraren rawa, mashaya, bukukuwa, sojoji, ma'aikata, Turawa da ƴan ƙasa. Kamar sauran masu baƙi da fari, zuwan injinan wanke hoto mai launi ya karya masa kasuwa, ya ƙare rayuwarsa cikin rashi, ko da yake masana a ƙetare sun san darajar aikinsa. Banda shi, babu babban gari daga Tawa zuwa Damagaram da bai yi nasa mai hoto ba, wanda ya ɗauki na katin ɗan ƙasa, da na aure, da na masu shirin tafiya Makka. Da yawa daga fina-finan nan suna cikin akwatuna, zafi da ƙura da gara suna rabonsu. Muzen ƙasa na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, wuri ne da talaka ke shiga ba tare da fargaba ba, musamman a ranakun salla, saboda namun daji da masu sana'ar hannu da ke ciki. Gidan da jama'a suka riga suka saba da shi haka bai rasa masu gane fuska ba.

Sai dai tambayar "wa ke cikin hoton nan?" tana da kaifi biyu, kuma hotunan Koudjina sun fi na kowa nuna hakan. Budurwar da ta sa gajeren siket tana rawa a 1968, yau hajiya ce mai jikoki. Matashin ma'aikacin da kwalba ke gabansa a tebur, wataƙila ya zama mai faɗa a ji a masallacin unguwa. Hotonsu na rataye babu suna, tarihin birni ne. Ranar da wani ya rubuta suna a ƙarƙashi ya watsa a rukunin WhatsApp na dangi, ya zama abin gori. Ga kuma mai faɗin suna bisa kuskure, da mai faɗa da gangan domin ya ɓata wani. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutum, amma ko babu doka, kunya da mutunci sun isa su sa a yi hattara. Sunan da baƙo ya bayar, rumbun gida ya kamata ya nufa, a bincika, a nemi mai shi ko magadansa, su ne za su ce a rubuta ko a bari. Wani zai ce a rubuta da manyan baƙaƙe. Wani zai ce a sauke hoton ma gaba ɗaya, kuma yana da hakkin a saurare shi.

Saura maganar aljihu. Lambar QR ba ta buɗewa sai da intanet, intanet kuwa kuɗi ne, kuma ba kowa ne zai ƙona kredinsa domin jin tarihin wani ba. Gidan da ke son a saurare shi sai ya ba da rezo kyauta a cikin ɗakin, ya kuma sa muryoyin su zama gajeru marasa nauyi. Shafin da lambar ke buɗewa haya ake biya masa duk shekara. Ranar da kuɗin masu tallafi suka ƙare aka daina biya, lambar na nan a bango tana kai mutane inda babu kowa. Haka nan lambar wayar da aka rubuta domin karɓar bayani: idan babu ma'aikacin da aka ɗora wa sauraren saƙonnin, da rubuta su, da mayar da godiya, to shago ne a buɗe babu mai tsaro. A Brooklyn abin da ya riƙe shirin albashin masu amsawa ne, a Kanada kuma matasan da suka zauna gaban tsofaffi. A duka wuraren biyu na'urar ce ta fi komai sauƙin samu.

Abin da ba a iya saye shi ne lokaci. Wanda ya shekara ashirin a 1965 ya cika tamanin a 2025. Tsararrakinsa da za su dubi hoto su ce wannan wance ce, a gidan rawa kaza, daren da aka yi kaza, raguwa suke yi kowace damina. Koudjina, wanda ya fi kowa sanin wa ya zauna a wane tebur, ya rasu a Yamai a 2014. Sidibé, wanda kallo ɗaya ya ishe shi ya maido wa Keïta sunansa, ya bi shi a 2016.